Harbin Sunan Siti

Na sha jin ku kuna maimaita abin da 'ya'yan Yaya Sale suke faɗi in an haɗu a biki, wai ni ne na miƙe ƙafa a Maleshiya ƙarƙashin fanka na sa aka ɗauki bindigar kakanku aka kai wa hukuma. Ban taɓa tanka muku ba, domin rabin maganar gaskiya ce, kuma wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da shari'a ya san wuyar kare kai in rabin tuhumar gaskiya ce. Yanzu da na ajiye alli, gwiwa kuma ta hana ni yawo, bari in ba ku ɗaya rabin. Ke Siti, ki karanta da kyau, don a kanki aka yi komai kina kwance cikin zani ba ki san ana yi ba.

Kakanku shi ne Sarkin Baka na Kafin Baushe, wato shugaban maharban garin. Bindigarsa adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, gindinta na itacen maɗaci ya yi baƙi ƙirin saboda gumin hannu. Sunanta Mai-tari, domin in an ja kunamarta sai ta ɗan yi gyaran murya tukuna sannan ta tashi, har ana tsokanar Baba cewa gargaɗi take yi wa barewa. A gidanmu akwai al'ada: duk ɗan da aka haifa, namiji ko mace, da zarar liman ya raɗa suna, sai a fita ƙofar gida a ɗura mata albarushi zalla da tsumma, ba dalma, a harba sama. Baba yakan ce don daji ya ji gidan Sarkin Baka ya ƙaru. An harba mini, an harba wa Yaya Sale, an harba wa kowannenku da aka haifa a gida. Wanda ba a harba wa ba, 'yan'uwa kan yi masa gori har ya girma.

Da Baba ya rasu, ba wanda ya yi gardamar wa zai gaje shi. Yaya Sale ya fara bin sa daji tun bai kai tsawon bindigar ba, ni kuwa ko fakara ce ta tashi a gabana sai na ja da baya. Amma da aka zo sabunta lasisi, sai dattawan gida suka zauna a zaure suka yanke cewa sunana za a sa. Dalilinsu shi ne ni malamin kwaleji ne, in ɗan sanda ya ga sunan ɗan boko zai yi ladabi. Yaya yana zaune a gefe yana gyara igiyar tarko. Ni kuwa na zaro biro daga aljihun gaba na sa hannu, har da ƙawata shi da wutsiya. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Shekara da shekaru ina faɗa wa abokan aiki cewa ina da bindiga a ƙauye, alhali ban san ta wane gefe ake zuba mata mai ba.

Da furfura a gemuna gwamnati ta tura ni Kuala Lumpur karatun digiri na uku. Muka kama gida a Sentul, hawa na tara a wani tsohon bene, in ka leƙa ta baranda kana ganin layin dogo, kana kuma ganin wani benen da yake fuskantar namu, inda gidaje huɗu na Hausawa suke. Abin da nake rubutu a kai shi ne iyakar ikon gwamnati in ta kafa dokar ta-ɓaci: me ya halatta ta karɓa daga hannun talaka, me bai halatta ba, kuma har zuwa yaushe. Babi na huɗu duk a kan makamai yake. Kun san halina da gardama. Ba wanda zai zauna kusa da ni a shagon mamak, wato wurin masu shayi na Indiyawa Musulmi, yana shan shayi ya tashi bai ji babi na huɗu ba. Ummanku ta ce ko Ba'indiyen da yake soya mana gurasarsu ta roti zai iya shiga jarrabawata ya ci.

Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa wani dattijon Bamale ne, Pak Cik Osman, wato Baffa Osman, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Yana da lambun durian, wani ɗan itace mai ƙaya, a ƙauyensu, kuma yana da lasisin bindiga mai baki biyu saboda aladun daji da suke yi masa ɓarna. A Maleshiya ba ƙaramin abu ba ne mutum ya sami wannan takarda, domin ƙasa ce da harsashi ɗaya a aljihu ba izini yakan kai mutum kurkuku. In zai daɗe a birni wurin 'ya'yansa, sai ya kai bindigar caji ofis ɗin ƙauyensu ya ajiye. Ranar da na gaya masa ni ma mai bindiga ne, ya kama hannuna da hannu biyu, daga nan ya fara kirana Tuan Haruna, wato Yallaɓai Haruna. Ban ga dalilin da zan ɓata masa rai da cikakken bayani ba.

Sai annoba ta zo aka kulle gari. Mutum ɗaya ne yake fita cefane daga kowane gida, 'yan sanda da sojoji suka kafa shinge a mahaɗar da take ƙasan benenmu, jirage suka daina tashi, daga baya ma aka kafa dokar ta-ɓaci sosai. Kowa yana kuka, ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina baranda da littafi da biro ina murna, abin da nake karantawa a takarda ya fito titi da ƙafarsa. Ummanku tana da tsohon cikin Siti a lokacin. Takan dube ni ta ce in na gama ƙirga sojojin in zo in ƙirga mata albasar da ta rage.

Ana cikin haka labari ya zo daga gida. 'Yan bindiga sun addabi yankinmu, gwamnatin jiha ta kafa tata dokar: duk mai bindiga, da lasisi ko babu, ya miƙa ta cikin mako biyu, wanda aka samu da ita bayan nan za a ɗauke shi ɗaya da mutanen daji. Ina cikin karanta sanarwar sai ga kiran Yaya Sale.

"Lauya, ka ji abin da mutanenka suka yi?"

"Na ji, Yaya."

"To, na haƙa rami ƙarƙashin rumbu, na naɗe ta da buhu. In sun zo, ta ɓata."

Na yi masa bayani a hankali: Mai-tari tana cikin littafin hukuma, sun san gidan, sun san lambarta. In suka zo suka haƙo ta, ni da sunana yake kan lasisi ina wata duniya, hannu ba ya kai mini. Shi za a kama, dattijo mai shekara sittin da wani abu, da bindigar da a takarda ba tasa ba ce, kuma a binne. A ƙarƙashin irin wannan doka ko beli sai an ga dama. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce:

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Waɗancan na daji, su ma za su kawo nasu caji ofis? Layi ɗaya za mu bi da su, ko nasu daban?"

Abin da na ɓata shafi arba'in ina faɗi a babi na huɗu ke nan, shi ya faɗe shi a numfashi ɗaya. Ku sani, a ganina dokar nan kuskure ce, har gobe ban sauya ra'ayi ba. An bar ɓarawo da makaminsa an bi manomi, don kawai manomi ne aka san ƙofar gidansa. Amma gaskiyata ba za ta buɗe ƙofar ɗakin da za a kulle wana ba. Na ce masa duk da haka ya kai ta. Sai ya ɗaga murya, abin da bai saba ba.

"Ranar da Baba ya ɗora mini ita a kafaɗa kana ina? Kana makarantar kwana kana cin tuwon gwamnati. Yanzu kai ne za ka ce in ɗauki Baba in kai shi a kulle?"

Ya kashe wayar. Kwana uku ina kira ba ya ɗauka, ina kallon kwanakin wa'adi suna tafiya. Abinci ya fita raina, har Ummanku ta daina tsokanata, wanda a wurinta alama ce ta abu ya yi tsanani. Wata safiya na buɗe ƙofa zan fitar da shara, na tarar da Pak Cik a tasa ƙofar yana ba shukokinsa ruwa. Muka tsaya nesa da juna, kowa da takunkumi a fuska, na kwashe labarin na gaya masa, sai dai na tsallake batun wanda yake riƙe da bindigar a zahiri. Ya ce mahaifinsa ya ba shi labarin wata dokar ta-ɓaci da aka yi a ƙasarsu tun zamanin Turawa, lokacin da ko shinkafar gidanka sai an auna maka. Na fara jawo masa abin da masana suka ce, ya ɗaga butar hannunsa ya tsayar da ni.

"Tuan Haruna, ni ban karanta doka ba. Abin da na sani, gwamnati in ta tsorata ba ta jin magana. Ka ba ta, amma kada ka bari sai da takarda. Takarda lah, da sunan mai ita, da hatimi. Tsoro yana wucewa, sai ka koma da takardarka."

Kwana biyu bayan nan aka haifi Siti. Ba a bar ni na shiga asibitin ba saboda annoba, a bakin ƙofa na tsaya kamar mai gadi har aka miƙo mini su. Da na lissafa, sai na ga ranar suna ta faɗo saura kwana biyu wa'adin ya cika. Ban kai ga kiran kowa ba sai ga Yaya da kansa, murya wasai, kamar ba mu taɓa saɓawa ba. Ya yi barka, ya tambayi mai jego, ya ce tun da an hana taro a can, a gida za a yi sunan mu kalla ta waya.

"Rago yana nan, liman yana nan. Mai-tari ma haƙo ta zan yi. 'Yar gidan Sarkin Baka ba za ta tashi a ƙasar mutane ana yi mata gori ba."

Lauyan kirki zai ce a'a, ko ya ce a harba amma da sharaɗin a wuce da ita caji ofis. Ni kuwa zuciyata ce ta yi tsalle. Tun da aka haife ta abin yake ci mini rai, cewa autata ce kaɗai za ta rasa abin da kowa ya samu. Duk lauyancina ya bi ta taga, na ce masa Allah ya kai mu.

Daga nan na shiga shiri irin na wanda aka daɗe da kullewa. Na ce ba zai yiwu a yi suna 'yan'uwa Hausawa suna tsallaken titi ba su ce amin ba. Na kira gidajen nan huɗu na benen gabanmu na ce kowa ya fito barandarsa bayan azahar, don hantsin gida shi ne ƙarfe biyu da rabi a wurinmu. Akwai Nura, mai shagon wayoyi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, da yake hawa na uku a benenmu, yana da wata ƙatuwar sifika da ake haya in ana biki. Ya turo mini ita a lif, ya biyo da kira.

"Baba, wannan speaker ɗin ba wasa ba ce fa. Kar ka wuce half, wallahi I'm serious. Ko a hall ba ma kai ta ƙarshe."

Na ce masa na ji. Na ja ta zuwa baranda, na juya bakinta waje, na haɗa ta da wayar, na jingina wayar a kan talabijin inda za mu ga gida su ma su ga falonmu. Da na dubi nisan benen can, sai na ga rabi ba zai isa ba, na murɗa ta har ta tsaya.

Ranar na sha babbar riga da hula, Ummanku ta tashi da jegonta ta soya waina, ta yi miyar taushe da kabewar da na samo a kasuwar unguwar Brickfields. Waya ta buɗe, ga ƙofar gidanmu, ga tabarmi, ga dattawa, ga rago a ɗaure jikin dalbejiya. Liman ya fara addu'a, muryarsa ta cika Sentul. Daga barandun can aka ɗauka da amin, maza da jallabiya, mata da mayafi, har wasu Malawa suka leƙo suka ɗaga hannu su ma. Da aka ce sunan yarinya A'ishatu, wadda daga baya muka riƙa kira Siti, matan tsallake suka rangaɗa guɗa, wata ta amsa daga hawa na sha biyu. Hawaye suka cika mini ido. Wata da watanni ban ji ni a cikin mutane ba sai ranar. Ina cikin share ido sai fuskar Yaya ta cika wayar, yana murmushi har kunne.

"Lauya, ɗuri biyu na yi mata, don ta isa Maleshiya."

A daidai lokacin ne na tuna da sifikar, na tuna da shingen da yake ƙasa, na tuna a wace ƙasa nake. Na yunƙura, babbar riga ta harɗe mini ƙafa. Mai-tari ta yi ɗan tarinta, sannan ta tashi. Ƙarar ta bugi benen can ta dawo ta bugi namu. Kafin in kai baranda, maharban da suka zo taya murna suka ɗauka, ɗaya bayan ɗaya har biyar, kowa yana so tasa ta fi. Hankaki suka tashi daga bishiyoyi, tagogi suka riƙa rufuwa, 'yan amin ɗin nan duk suka ɓace daga barandunsu kamar ba a taɓa halittarsu ba. Na fizge igiyar sifikar na leƙa ƙasa, na ga 'yan sanda suna nuna hawa na tara da yatsa.

Ba su daɗe ba. Su huɗu ne, da takunkumi a fuska, hannu a ƙugu. Ba su zage ni ba, ba su taɓa lafiyata ba, aikinsu suka yi. Suka ce in juya in dafa bango, na juya na dafa. Ɗaya ya laluba babbar rigata, ya sha wahala kuwa, don bai san inda take farawa da inda take ƙarewa ba. Ummanku tana tsaye a ƙofar ɗaki rungume da jaririya, ku manyan kun maƙale a bayanta. Sajansu ya tambaye ni da Turanci ina bindigar take. Na ce tana Najeriya. Ya ce ba wasa ya zo yi ba. Na nuna masa talabijin da haɓata, ya juya, sai ga Yaya Sale tsaye cikin hayaƙi, da warki da layu, da adaka a hannu, ya zuba wa falona ido.

Allah ya saka wa Pak Cik da alheri. Ya fito da zaninsa na gida da singileti, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ta zuba musu Malayanci. Abin da na tsinta shi ne jariri, da al'ada, da Afirka, sai kuma wata kalma da ya maimaita sau uku yana nuna ni, wadda daga baya na gano ma'anarta sakarai. Duk da haka suka bincike gidan kaf, har ƙarƙashin gadon Siti, ba su sami abin da ya fi wuƙar yanka albasa ba. Sajan ya matsa kusa da wayar ya daɗe yana kallon Mai-tari, ya ce kakansa ma yana da irinta, da ita yake korar birai. Ya rubuta sunana da lambar fasfo, ya yi mini gargaɗi mai zafi a kan tayar da hankalin jama'a, ya ce in ya sake jin sifikar nan da ita da ni zai tafi. Ummanku, wadda ba ta yarda baƙon suna ya fita hannu wofi ko da kama mijinta ya zo yi, ta riga ta ƙulla waina a leda.

"Tapau, tapau," in ji ta, wato su tafi da ita gida, tana miƙa musu.

Suka ce a'a, ta ƙi janye hannu. Sajan ya dubi Pak Cik, ya dubi ledar, ya ce boleh, wato to, ya karɓa. Har suka shiga lif muna jin su suna dariya.

Na rufe ƙofa na zube a kujera, sai sannan na tuna wayar ba a kashe take ba. Da na ɗauko ta, ƙofar gidanmu ta yi tsit. Mai kiɗan maharba ya ajiye komonsa, dattawa sun yi jugum. Yaya yana zaune a ƙasa, bindigar a kwance kan cinyarsa.

"Haruna, sun taɓa ka?"

"A'a, Yaya. Har waina suka tafi da ita."

"Na ga hannunka a bango. Minti nawa ka yi a haka?"

"Bai fi goma ba."

"Ni kuwa na tsufa a cikinsu. Ga bindiga a hannuna, ana juya ƙanena a gabana, ba abin da zan iya."

Ban shirya abin da na faɗa ba, fitowa ya yi. Na ce, "Abin da zan gani ke nan, Yaya, ranar da suka haƙa ƙarƙashin rumbun. Sai dai kai ba za a sake ka bayan minti goma ba, ni kuma ba jirgin da zai kawo ni."

Ya daɗe yana shafa gindin bindigar da babban yatsa. Can ya ce, "Jibi zan kai ta. Rubuto takardarka."

Da la'asar na zauna rubuta wa babban jami'in caji ofis ɗin yankinmu wasiƙa. Na fara da cewa ni, mai wannan bindiga, na wakilta ɗan'uwana ya miƙa ta a madadina. Na nemi rasit, na nemi a rubuta cewa ajiya ce ba kwace ba, na jero dalilai kamar mai kare digiri. Ummanku ta zo wucewa da jaririya a kafaɗa, ta tsaya tana karantawa ta bayana.

"Malam, wa ye mai wannan bindigar?"

"A doka ni ne."

"Ban tambaye ka doka ba. Shekara uku ka hana mu sakat da haƙƙin mai bindiga. Haƙƙin wanka fa, da kake zaune a kai tun kafin ka aure ni, a wane babi yake?"

Ta wuce abinta tana jijjiga 'yarta. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ko da nake dafe da bango. Na goge wasiƙar na sake wata gajeriya. Na ce bindigar gadon Sale ce, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinmu, sunana ya hau lasisin ne bisa shawarar dangi, na sauka daga kai, ina roƙon a karɓe ta da sunansa a kuma ba shi rasit da sunansa. Washegari jami'in ya kira ni ya tabbatar ni na rubuta, ya ce ba matsala. Na kuma ƙwanƙwasa wa Pak Cik na gaya masa gaskiyar da na ɓoye masa. Ya ce ai tun ranar da ya ga yadda nake riƙe tsintsiya ya san ban taɓa harbi ba.

Ban gaya wa Yaya abin da wasiƙar ta ƙunsa ba, na dai tura aka buga masa. Ranar wa'adi ya naɗe Mai-tari cikin buzun Baba, maharban garin suka rako shi da komo da kirari tun daga ƙofar gida har caji ofis, mata suna leƙe ta katanga. Aka karɓa, aka ɗaura mata 'yar takarda a kunama, aka miƙo masa rasit. Yaya ajami kaɗai yake karantawa, sai ya ce wa ɗan sandan ya karanta masa. Daga nan bakin caji ofis ɗin ya kira ni.

"Lauya, ka san abin da mutanen nan suka rubuta? Wai Sale Sarkin Baka, mai ita." Ya tuntsire da dariya. "Shekara ashirin da shida ina shafa mata mai, ashe sai ranar da za a raba mu za ta zama tawa."



Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Damina biyu Mai-tari ta yi a kulle. A cikinsu gadu da birai suka cinye rabin gonar fadama, ɓarayi suka kore shanun Yaya guda huɗu yana ji yana gani, aka haifi jikokinsa uku ba a harba wa ko ɗaya ba. Su ne iyayensu suke yi mini gori a biki, kuma ban ga laifinsu ba. Na sa wannan duka a awo na zaɓi wana ya kwana a ɗakinsa, in aka maimaita ma haka zan zaɓa. Da aka sassauta dokar, mutane da yawa suka je neman nasu aka rasa gane ta wa ce ta wa, Yaya kuwa ya ajiye rasit a kan tebur aka ɗauko masa tasa, ta ɗan yi tsatsa a baki, ya goge.

Da muka dawo gida na je gaishe shi, sai na ga wata sabuwar laya a damtsensa, jar fata, ɗinki mai kyau. Na tambaye shi ta mece ce, ko ta ƙarfe ce. Ya ce rasit ɗin nan ne ya roƙa aka bar masa, ya kai wa baduku ya ɗinke. Na ce ai bindiga ta dawo, takardar ta gama aikinta. Ya gyara zaman layar, bai dube ni ba.

"Mutanen gari sun daɗe da sanin mai bindigar," in ji shi. "Hukuma kuma ta sani ko kada ta sani, bai dame ni ba. Wannan ta ranar da ƙanena ya sani ce."